Sunan da Bilya Ya Faɗa

"Tsaya, ko in hwasa kanka!"

Rana tsaka ce, a kwanar Ruwan Godiya. Kafin direban babbar motar ya taka birki, Rabo, shugaban 'yan fashin, ya maƙale jikin ƙofa — bindiga a kunnen mutum! Yaronsa Gide ya yi harbi sama. Direba ya diro, ya ranta a na kare cikin dawa. Bilya ya haye kujerarsa ya figi motar, da babura arba'in sababbi fil na malaman gona. Sai dajin Sabuwa.

Shekarar 1981 ce, kuɗin mai na ta ɓarin kaya a ofisoshi. Ofishin aikin gona na Faskari har kwamfuta aka kawo masa, ƙatuwa kamar akwatin kaya, mai tsarin Unix. A cikinta ake ajiye ranar da kowace mota za ta taso da hanyar da za ta bi. Wani akawun ofishin, Harisu, shi ya sato wa Rabo wannan bayani.

Bilya, direban ƙungiyar, sharaɗi ɗaya ya kafa tun farko. Ƙanensa Maharazu, uwarsu ɗaya, yana aiki a ofishin, bai san hawa ba bai san sauka ba, kada ƙura ta taɓa shi. Rabo ya rantse har da dafa Alƙur'ani. To, rantsuwar ɓarawo dai.

Washegarin fashin Sufeton 'yan sanda ya dira ofishin. Ma'aikata suka ce duk wanda ya taɓa na'urar sai ya sa hannu a littafi, amma an yage shafin Juma'a. Alheri, matar da ke kula da kwamfutar, ta ce na'urar ma tana da nata littafin, wanda hannu ba ya yagewa. Ta buga kalma ɗaya, *last*, sai jerin ya fito: sunan kowa, ranar da ya shiga, lokacin shiga da na fita. Juma'a, ɗaya da minti arba'in, duk ofis yana masallaci, mutum ɗaya ya shiga na minti shida. Maharazu.

"Ranka ya daɗe, suna kawai ta sani," in ji Alheri. "Ba ta ganin fuska."

Sufeto bai saurare ta ba. Aka sa wa Maharazu ankwa, yana rantsuwa cewa yana masallaci, kuma ba wanda ya san kalmar sirrinsa ta shiga na'urar. Hukuncin fashi a lokacin kuwa, a ɗaure mutum jikin durom a harbe.

Gide ne ya kai labarin daji, da ya dawo daga sayo taba. Ya ƙara da cewa wai yaron sunan uwarsa ya sa kalmar sirri a na'urar, don ya san ko shi ba ya iya furta shi, balle wani.

Nan take Bilya ya tuna. Mako biyu da suka wuce Rabo ya ce malaminsa zai yi musu layar bindiga, kuma malam ba ya aiki sai da sunan uwa. Bilya ya sunkuyar da kai ya faɗa a hankali, Baraka. Ashe Harisu ya taɓa jin Maharazu yana alfahari da wannan makulli nasa na sunan uwa, sunan kaɗai ya rage masa.

"Oga, ina layata?"

Rabo ya yi dariya yana ɓare gyaɗa. "Wace laya? Kai ma ka san dole a ba 'yan sanda wani su tauna. Ka hi son Harisu su kama, ya tona mu?"

Bilya ya tashi kamar zai kama ruwa, ya haye babur — ya murɗa! Harsashi ya yage masa kafaɗa. Bai waiwaya ba sai ofishin 'yan sandan Faskari, jini har sirdi. Nan ya zayyane musu komai.

Kafin la'asar aka kewaye dajin. Gide ya mutu nan take. Aka kamo Rabo a hanyar Ketare, Harisu kuma a tashar Ƙanƙara. Sufeto ya yi wa Bilya alkawarin sassauci, amma ranar shari'a ko ƙeyarsa ba a gani ba. Aka yanke wa su ukun kisa, har da Bilya.

Maharazu ya fito bayan wata biyu, ba aiki, ƙafa ɗaya ba ta takuwa saboda duka. Sau ɗaya ya je gidan yari. Bilya ya kasa ɗaga ido.

"Goggo ta ce in hwaɗa maka ta yahe," in ji Maharazu, yana nufin uwarsu. "Ni dai, Yaya, ban yahe ba."