Jan Ruwa a Kwalbar Rini

Jita-jitar ta riga Auta isowa gida. Maƙwabciya ce ta kawo ta da zafinta: wai a cibiyar bincike ana cewa Auta ce da hannunta ta zubar da rinin aikinta, ta cika kwalbar da jan ruwa, don ta ga digirin ya fi ƙarfinta tana neman abin ɗora wa laifi. Gobe kwamiti zai zauna, kuma kowa ya san kora ce.

Kakar Auta ta saurara har ƙarshe. Tsohuwar malamar kimiyya ce, wadda ɗalibanta suka laƙaba wa Ban-Yarda-Ba tun gashinta yana baƙi.

"Wa ya gani?" ta tambaya.

"Ai kowa ya sani."

"Kowa ba shi da ido. Wa ya gani?"

Da Auta ta shigo idanu a kumbure, tsohuwar ba ta lallashe ta ba. Kujera ta tura mata.

"Share hancinki, ƙawata, ki ba ni labari kamar mai ilimi."

"Kaka, rinin nan ana ɗiga shi ne a kan ƙwayoyin hanta masu rai, a haska su da shuɗiyar fitila. In suna da isasshen oksijin, rinin ya yi lum. In iskar ta yi musu ƙaranci, sai ya kama haske ja wur. Da haka nake auna numfashinsu. Jiya na ɗiga, na rage musu iska, ko ƙyas. Na gwada kwalbar, ashe jan ruwan da muke ciyar da ƙwayoyin ne a ciki. Sabuwa kuwa sai an yi watanni ana jira."

"Wa ya fara faɗa?"

"Ni. Ihu na yi."

"Ɓarauniya mai yi wa kanta ihu. Su wa ke da mabuɗin firijin da ake ajiye kwalbar?"

"Ni, da Injiniya mai kula da na'urori, da Dakta, mataimakin Farfesa."

Da safe tsohuwar ta ɗauki sandarta ta bi jikar. Farfesa, shugaban ɗakin gwaje-gwajen, yana ganinta ya miƙe har kujera ta faɗi. A ajinta ya koyi riƙe kwalba.

"Malama! Ke ce da kanki?"

"A'a, ƙanwata ce. Ina naka mabuɗin?"

Ya sosa sanƙo. "Ya ɓata tuntuni."

"Ban yi mamaki ba. Jakarka ma a aji kake mantawa. Me ya sa kuka ce Auta ce?"

"Dakta ya yi gwaji, Malama. Ya ce in tsautsayi ne, rinin zai fantsama a jikin wanda ya zubar. Ya tara mu, ya kashe wuta, ya haska rigunan aikinmu da hannuwanmu da shuɗiyar fitila. Babu wanda ya yi haske. Ke nan da gangan aka tuttular a magudana. Wa zai amfana in ba mai neman uzuri ba?"

"A ina ya haska ku?"

"A nan, tsakiyar ɗaki."

Tsohuwar ta dubi taga a buɗe, labule yana kaɗawa. Ta ce a kira mata Injiniya, ya zo da shayi.

Injiniya dogo ne mai yawan dariya. Da ya sunkuya zai ajiye kofin, katin shaidar da ke rataye a wuyansa ya lilo gaba, igiyar ta tsoma cikin shayin.

"Ɗan nan, na ce shayi, ban ce da kati ba."

"Yi haƙuri, Mama. Kullum haka take mana. Duk wanda ya sunkuya a tebur sai ta tsoma a wani abu."

"Kuna wanke ta?"

"Igiyar? Riga dai ake kai wa wanki. Wannan baƙa ce, ba ta nuna datti."

"Yaushe rabonka da buɗe firij?"

"Tun kafin matata ta haihu. Ina asibiti duk makon nan, jiya na dawo. Tagwaye, Mama!"

Ya zaro waya, ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk sun fi shi kyau. Mai shara ta leƙo ta tabbatar, ita ta kai wa mai jegon ruwan zafi, kuma ita ko hannun firij ba a yarda ta goge ba.

Dakta ya shigo ƙarshe, riga fara fat, yana duba agogo.

"Hajiya, sannu da zuwa. Abin bai yi mana daɗi ba."

"Kai ne ka fi kowa sanin rinin nan a gidan nan, ko?"

"To, a kansa na yi digirina."

"Madalla. Ni na tsufa, ka tuna mini. Me ke kashe haskensa?"

"Oksijin."

"A ɗakin nan akwai shi?"

Ya yi murmushi. "Da babu ai da mun mutu."

"Haka nake gani. Farfesa, ina akwatin da kuke shaƙe ƙwayoyin?"

Akwatin gilashi ne a kan tebur, da tiyo daga tukunyar iskar naitrojin, wadda ke korar oksijin waje. Tsohuwar ta miƙa hannu.

"Kowa ya ciro katinsa da igiyarsa. Har kai, mai sanƙo."

Auta ce ta fara cirewa. Injiniya ya matse tasa, shayi ya ɗiga. Dakta ya tsaya.

"Hajiya, wannan ba tsarin bincike ba ne."

"Gaskiyarka. Tsarin tsofaffi ne. Kawo."

Aka jera igiyoyin a akwatin, kowace da katinta, aka rufe. Aka ja labule, aka kashe wuta. Ta ce a haska tukun kafin a taɓa tukunyar. Igiyoyin duk suka tsaya baƙi ƙirin.

"Kun gani," in ji Dakta.

"Mun gani. Gwajinka ke nan. Injiniya, buɗe iska."

Tukunyar ta fara huci. Lambar oksijin a jikin akwatin ta soma sauka. Can sai wani ɗigo ya taso a igiyar gefe, kamar garwashin da aka hura, ya bazu har kusan rabinta, ja wur. Hasken ya isa a karanta katin da ke ƙasanta.

"La ila!" in ji mai shara daga bakin ƙofa. "Dakta, ashe kai ma kana kamawa da wuta!"

Injiniya ya toshe baki, dariyar ta fito ta hanci. Tsohuwar ta ce a rufe tukunya a buɗe murfi. Iskar ɗaki tana shiga, jan ya dushe.

"Ba igiyar ce ta fara tona ka ba," ta ce wa Dakta da aka kunna wuta. "Da Injiniya ne ya ce a haska mutane a tsakiyar ɗaki, da na ce bai sani ba. Da Farfesa ne, da na ce ya manta. Amma kai da ka ci digiri a kan rinin nan, ka san ko wanka mutum ya yi da shi ba zai yi haske a iskar da muke shaƙa ba. Ka zaɓi gwajin da ba zai kama kowa ba, sannan ka ce tunda bai kama kowa ba, yarinya ce. Riga ka kai wanki, hannu ka wanke. Igiya ce ba wanda yake tunawa da ita."

Dakta ya zauna a kan kujerar da ba ta da jingina.

"Ɗigo kaɗan na zo ɗiba, zan gwada wani abu nawa. Waya ta yi ƙara, na juya, gwiwar hannuna ta ture kwalbar. Na ce zan faɗa, sai kunya. Da magana ta girma kuma sai tsoro." Ya dubi Auta. "Ki yafe mini, ƙanwata. Akwai abokin karatuna a wata cibiya, yana da irin rinin. Yau zan tafi in roƙo."

Auta ta rungume kakarta har sandar ta faɗi.

"Sake ni, kada ki ƙarasa ni kafin in ga digirin," in ji tsohuwar. "Farfesa, kai kuma ka tsaya a gabansa ana haska ka kamar kifi a kasuwa, ba ka ce uffan ba?"

"Malama, gaba ɗaya na sha'afa."

"Sifili."

Farfesa ya yi dariya har da hawaye, ya tafi gaban kwamiti da igiyar a cikin leda. Da yamma maƙwabciya ta shigo jin yadda korar ta kasance. Ta tarar da Injiniya da mai shara a falo ana ta shewa, Auta tana zuba shayi.

"To, ya aka ƙare?"

"Dakta ne ya zubar da rinin, ya cika kwalbar da jan ruwa," in ji tsohuwar. "Auta tana komawa aikinta gobe."