Kwandon Kawu Yeskiel

Ranar da aka tafka ruwan sama a unguwar Deira ta Dubai kowa gudu yake yana neman rumfa, ban da yarinya guda. Maharazu, ma'aikacin wani ofishin kago a Murshid Bazaar, yana jan kwalaye ciki ya hango ta tsaye a bakin titi, ta buɗe tafukan hannunta, leɓɓanta na motsi.

"Baiwar Allah, mura za ta kama ki fa."

"Addu'a nake," ta ce tana murmushi. "Allah Ya kai irinsa garinmu."

Shi ke nan, an gama da Maharazu.

Sunanta Marselina, tana aiki a wani gidan abinci a Al Rigga. 'Yar ƙabilar Helong ce daga Semau, wani ɗan tsibiri a Indonesiya inda rani kan daɗe har rijiyoyi su ƙafe, masara ta bushe a tsaye. Kirista ce, ba ta kuwa ɓoye masa ba. Mutumin da bai taɓa jin sunan Helong ba, sai ga shi yana saka su a addu'a bayan kowace salla.

"Linata, yau a sujada na roƙa wa Semau ruwa, na roƙa wa kaina ke."

"Amin ga na farko, habibi. Na biyun sai ka tambayi kawuna."

Baffansa Alhaji Shu'aibu, tsohon ɗan kasuwar Deira, shi ya fara kafewa. "'Yan matan Kano ƙarewa suka yi?"

"Baffa, addini bai hana ba."

Wata uku ana ja, sai da Alhaji ya ga ladabin yarinyar da idonsa sannan ya sauko.

Saura Kawu Yeskiel, wan mahaifiyarta, da ke aiki a wata masana'anta a Dubai Investments Park, maganar aurenta kuma a hannunsa take. Maharazu ya sha shadda ya je gaisuwa, ya durƙusa har ƙasa. Kawu ya miƙo masa wani ɗan kwando na kaba, cike da busasshen pinang, 'ya'yan itacen da suke taunawa kamar goro.

To, wane Bahaushe ne zai yi tauna a gaban surukinsa? Maharazu ya sunkuyar da kai. "Na gode, na ƙoshi."

Sau uku ana miƙowa, sau uku yana noƙewa, yana ma jin daɗin yadda ya nuna tarbiyya. Kawu ya rufe kwandonsa, ya miƙe ya bar falon.

Bai kai tashar jirgin metro ba saƙon Marselina ya shigo.

"Ka ƙi kwandonmu. A wurinmu wanda ya ƙi shi, zuri'ar ya ƙi. Kawu ya ce magana ta mutu. Ban gaya maka ba don na zaci ko yaro ya san wannan. Me na yi maka?"

Wayyo Maharazu! Ya nufi shagon Baffa kamar zai yi kuka. Alhaji ya saurara, ya yi dariya har da tari.

"Kunya ta ja maka, ɗan nema. Yalla, maza ɗauko min goron can da aka kawo daga Kano."

Ranar Lahadi da rana, bayan Kawu ya dawo daga coci, suka yi masa sallama. Fuskar nan tasa a murtuke.

"Malam Yeskiel," in ji Alhaji, "a garinmu yaron da ya motsa baki a gaban surukinsa ba a ba shi mata. Girma ya ba ka, irin namu. Ga namu kwandon, mu ma ba ma neman aure sai da shi."

Ya miƙa masa farin goro. Kawu ya daɗe yana jujjuya shi, Marselina na leƙe daga kicin. Can ya gatsa. Ɗaci ya sa ya runtse ido, amma ya haɗiye. Sannan ya jawo kwandonsa ya buɗe.

Wannan karon da hannu bibbiyu Maharazu ya ɗiba. Bauri ya ɗaure masa harshe, hawaye ya cika masa ido, bai fasa tauna ba.

"Khalas!" Kawu ya fashe da dariya. "Ya isa, kada ka cinye mana duka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, aka yi walima a Al Rigga. 'Yan kasuwar Kano sun cika wurin, amarya ta fito cikin saƙin garinsu ta yi kyau har ta gaji. Alhaji ya yi addu'a, Kawu ya yi tasa da harshen Helong, kowa ya amsa da amin. Ango ya zo zai durƙusa, Kawu ya ɗago shi, ya goga hancinsa a nasa yadda suke gaida na gida.

"Daga yau kana da gida a Semau, ɗana. Allah Ya ba ku zaman lafiya."