Magogin Goron Inna Ladi

"Yagana, yau ma ba za ki ci gorona ba?"

Na dubi goron da ke tafin hannun Nata'ala, na sunkuyar da kai. Wallahi ina son goron, ina son mai goron, amma muƙamuƙina ya riƙe tamau kamar an ɗaure shi da igiya.

"Na gode..." Abin da ya iya fita ta tsakanin haƙorana ke nan.

"Kullum kin gode! Ki karɓa ki miƙa wa Lami. Jiya har shagona ta zo da bakinta jawur, wai ke kika ce kin gaji da ni."

Ya tura kekensa ya fice daga zaurenmu, ko waiwaye bai yi ba.

Na gaji, gaskiya ne, amma ba da shi ba.

Tun rasuwar Baba ciwon ya same ni. Da rana ina ɗinkin hula ina tsinka zare da haƙori, in na kwanta kuma ina cizon haƙora ban sani ba. Sai gindin kunnena ya fara ƙas-ƙas. Tuwo ya zama aiki, hamma ta zama abin tsoro. Wanzami ya yi ƙaho, an yi hayaƙi, shiru.

Iyata ta hana ni gaya wa kowa. A Mandawari, budurwa ta ce bakinta na karkacewa? Kafin la'asar an ce iska ce ta taɓa ta. Lami kaɗai na gaya wa, maƙwabciyata da muka tashi tare, don ni wawuya ce.

A ɓoye Iya ta kai ni asibitin cikin gari. Malama Jummai, mai jinyar mata, ta tattaɓa gindin kunnena.

"Ba allura?" in ji Iya.

"Ba allura, Iya. Gaɓa ce ta gaji, motsa ta za a riƙa yi."

Ta koya mini: in gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in ɗora harshe a ganɗa in buɗe baki sannu sannu, in kai haɓa dama in kai hagu, in tokare ta da yatsa. Bayan kowace salla. Ban da rake, ban da ƙilishi, ban da goro.

Aiki ne mai gundura, ga muni. Sauƙin ma tafiyar hawainiya yake yi. Duk da haka ban fasa ba, don an sa bikinmu bayan Babbar Salla, kuma ba na so in shiga ɗakin Nata'ala da baki a ɗaure.

Lami ta san lokacin da nake yi sarai.

Ran nan bayan la'asar ina zaune bakin ƙofa da ɗan madubina, ina kai baki dama ina kai hagu, sai na ɗaga ido. Inna Ladi ce tsaye, mahaifiyar Nata'ala, Lami a bayanta tana gyara mayafi.

"Innalillahi! Ni kike murguɗa wa baki, 'yar nan?"

Na zabura in gaishe ta, muƙamuƙin ya ƙi. Ko uffan ban iya cewa ba!

"Ai na gaya miki, Inna," in ji Lami a hankali.

Kashegari aka aiko cewa a dakata da maganar biki.

Na yi kuka har na gaji da kukan, don shi ma muƙamuƙi yake ci. Da na rasa abin yi, na yafa mayafi na nufi Ƙofar Na'isa, inda yake gyaran kekuna. Iska ce, mene ne ma, su faɗa.

Yana gani na ya ɗaure fuska.

"Malam Nata'ala, ajiye gudumar nan ka saurara."

Na buɗe baki a hankali.

Ƙas!

Ya zaro ido. Na kwashe komai na gaya masa, ina magana ina hutawa.

"Haba, abar ƙaunata... wannan kika ɓoye mini? Ni da nake wuni ina lallashin sarƙar da ta yi tsatsa, naki ne zai gagare ni haƙuri?"

"Inna fa?"

Ya ce zai yi mata bayani. Ni ma na san nan ne gizo ke saƙar.

Ran Juma'a da yamma Inna Ladi ta zo gidanmu, ita kaɗai, fuska ba annuri. Ta zauna kan tabarma, ko ruwan da Iya ta kawo ba ta duba ba.

"An ce wai magani ne. Yi in gani."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa gaban surukata, na ɗora harshe a ganɗa, na kai haɓa dama, na kai hagu. Hawaye na zuba ina yi.

"Da zafi?"

Na ɗaga kai.

"Kuma kullum kike wannan wahala?"

"Kullum, Inna."

"Don me?"

"Don... don in iya yi masa dariya."

Sai ta kwance gefen zanenta, ta fito da ɗan magogin gwangwani, irin wanda tsofaffi marasa haƙori ke goge goro da shi. Ta ɓare goro, ta goge shi lilis a tafin hannunta, ta miƙo mini.

"Ungo. Shi ya aiko. Ni da ba haƙori ko ɗaya ban daina cin goro ba, balle ke."

Na zuba a harshe. Ɗaci ya gauraye mini baki, wani sanyi ya sauka a zuciyata.

"Riƙe magogin," ta ce tana miƙewa. "In kin warke kya dawo mini da abina. Ita kuwa waccan mai jan bakin, kada in sake ganin ta a ƙofata."

An ɗaura aure bayan Salla, yadda aka sa. Kafin damina ta kewayo na warke, har rake nake sha. Na kai wa Inna magoginta, ta harare ni, ta ce wa ya gaya mini na gama warkewa.

Har ta rasu ba ta karɓa ba.