Layin Fenti a Kan Noti Shida

An kama Curtis Wiebe, foman sashen sassaƙa, ranar Alhamis da rana a wata masana'anta da ke Winnipeg, inda ake ƙera sassan ƙafar jirgin sama. Kwana uku kafin nan, wani daban ake shirin gurfanarwa.

Ranar Litinin bayan hutun cin abinci, Danilo Abad ya danna maɓallin inji na bakwai. Curin ƙarfen da ake sassaƙawa ya ƙwace, ya fasa gilashin ƙofa, ya same shi a ƙirji. Bai kai asibiti ba.

Orest Melnyk ne ya saita injin da safe, ga sa hannunsa a takarda. In sakaci ya tabbata a kansa, ɗauri ne.

Sufeton 'yan sanda Lorna Chartrand ta tsayar da shi a gaban injin.

"Kai ka ɗaure ƙarfen nan?"

"Ni na ɗaure, Sufeto. Noti shida, kowanne da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Shekara ashirin da biyu ko cokali bai taɓa tashi mini ba."

"Kowa haka yake cewa."

"To duba fentina."

Al'adarsa ce, in ya gama ɗaure noti sai ya ja layin rawaya daga kan notin zuwa jikin teburin injin. Sufeto ta haska tocila. Duka layukan sun rabu, na kan noti ya kalli gabas, na tebur ya kalli kudu.

"An kwance an sake ɗaurewa," in ji Orest.

"Ina sifanar take a lokacin hutu?"

"A akwatina, a kulle. Sifana da mata ba a ba da aronsu."

Foman Wiebe ya karɓe ta a ofishinsa da kofin kofi.

"Orest ya tsufa, ranki ya daɗe. Lokacin hutu ni ina ɗakin cin abinci ina shan miyata, ki tambayi kowa."

Ta tambaya. Mai sayar da abinci ta ce miyar tasa ta huce a kan tebur, ita ta zubar.

Ranar Laraba aka wanke curin da ya yi kisan, lambarsa ta fito. Ba ita ce a takardar Orest ba. Wannan curin tun watan jiya masu awo suka ƙi shi, suka rataya masa jan kati, aka kulle shi a kejin kayan da aka ƙi. Makullin kejin biyu ne. Mai riƙe da ɗaya tana hutun haihuwa, ɗayan kuma yana hannun foman.

Ranar Alhamis Sufeto ta koma ofishin foman, ta ajiye jan katin a gabansa.

"A kwandon shararka aka samu. Da me ka ɗaure notin?"

Ya kalli katin.

"Da sifanar gama-gari. Tun Orest bai zo nan ba nake ɗaure ƙarfe, hannuna ya san ƙarfinsa."

"Bai sani ba. Me ya kai kayan keji kan inji?"

"Oda ta makara sati uku. Kuskuren da ke jikin curin bai kai kaurin gashi ba. A ɗan shafe fuskar, a sa sabuwar lamba, shi ke nan. Ni na yi niyyar danna maɓallin, sai aka kira ni a waya. Danilo ya dawo da wuri."

"Sai ka bar wa Orest laifin."

Sufeto ta ƙara tambaya.

"Wannan ne na farko?"

"Na goma sha biyu."

Aka sa masa ankwa, aka bi da shi ta tsakiyar injuna. Orest na tsaye da fenti a hannu, bai ɗaga kai ba. Da yamma aka janye tuhumar da ake yi wa Orest.

Cikin sha ɗayan da suka riga suka fita, an gano tara a rumbunan masu saye. Biyu an riga an ɗaura su a jirage. Har zuwa jiya, ba a san waɗanne jirage ba ne.