Bugun Da Dotun Ya Yanke

Ana gab da magariba aka ɗauke wuta, kamar kullum. Dotun ya ja tsaki, ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki jarka.

"Anti Kehinde, bari in sayo wa janareta mai. Yanzu zan dawo."

"Kai dai kar ka tsaya zuba wurin mai tuwon amala, na san halinka," in ji ta daga ɗan akurkin da ya lulluɓe da tsofaffin katifu, wai shi ɗakin ɗaukar murya.

Sana'arsa ke nan a unguwar Oje ta Ibadan. Masu ewi, waƙar da ake faɗa ba a rerawa, su kawo magana, shi ya shimfiɗa mata kiɗa a ƙarƙashi. Waƙar Kehinde ce ta zame masa ƙarfen ƙafa. Makokin Taiwo ne, abokiyar tagwaicinta da ta rasu bara. Ya sa sarewa, ta ce ya yi zaƙi. Ya sa jita, ta ce ba biki take ba. Makonni yana abu ɗaya, har kunnuwansa suka daina jin kiɗa, sai ƙara kawai. Daga bisani ya tono tsohon kaset na mahaifinsa, marigayi Ayandiran, yana kaɗa kalangu a wata jana'iza. Ya yanko ɗan guntu mai bugu uku. Carar zakara ta ɓata na farkon, sai ya datse shi, ya bar biyun suna maimaita kansu. Kehinde na ji ta ce, "Yauwa. Wannan ne."

Gidan mai da layi. Kafin ya juyo duhu ya fara sauka. Lungun na warin kwata da hayaƙin suyar ƙosai, jarkar na jan kafaɗarsa, shi kuwa ba abin da yake so a duniya sai ya kwanta.

A bakin lungu ya ji kalangu.

Daga tagar ɗakinsa yake fitowa. Dotun ya dubi unguwar, ko'ina duhu. Ya dubi jarkar da ke hannunsa. Lasifikokinsa dai ba da iska suke aiki ba.

Ɗan gidan makaɗa ne shi, kuma a gidansu kalangu magana yake yi, tun mutum na goye yake koyon ji. Yanzu da ya tsaya daga nesa, sai ya ji abin da gajiya ta toshe masa a kusa. Kiɗan sallamar mamaci ne babansa ke yi: kar ki dawo. Bugun da ya datse shi ne "kar".

Dawo. Dawo. Dawo.

Da magariba kuma, lokacin da ko yaro ba a ƙwala wa kira da sunansa.

Ya yar da jarkar ya hau bene.

Wari ne ya fara tarbarsa. Wake da manja, abincin da ake ajiye wa tagwaye, haɗe da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kwamfuta a mace take, baƙa ƙirin. Ya fizge wayoyin lasifika duka. Kiɗan bai ko girgiza ba.

Ta gilashin akurkin ya hango Kehinde tsaye gaban makirufo, ido a rufe, tana faɗin waƙarta a hankali. Amma murya biyu ce. Ɗayar tana riga ta kowace kalma da ɗan kaɗan, ita tana bi.

Kowane Bayarabe ya san a haihuwar tagwaye Taiwo ce ke fara fitowa duniya ta ɗanɗana wuri, in ta ga da daɗi ta kira Kehinde ta biyo ta. Ma'anar sunayen ke nan.

"Na duba miki," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Babu gajiya a can. Taho."

"Anti Kehinde!" Ya murɗa ƙofa. Ƙofar da ko sakata ba ta da ita, ta ƙi motsi.

Wata ce tsaye a bayan Kehinde, tsawo ɗaya, zane ɗaya. Taiwo ce ko wani aljani ne ya ari fuskarta, wannan sai Allah. Numfashin Kehinde na yi wa gilashin hazo. Gefen ɗayar kuwa tas yake.

Kehinde ta miƙa hannu baya.

Kalangun babansa na rataye a ƙusa, ya sha ƙura. Dotun ya fizgo shi ya matse a hammata. Tsarkiyar ta bushe, tana cizon fata. Dole ne ya mayar da bugun da ya datse a gurbinsa, gurbin da shi da hannunsa ya matse har ba wurin numfashi.

Ya buga. Ya makara.

Ya sake. Ya yi gaggawa.

Yatsunsu sun kusa haɗuwa.

Ya rufe ido ya bar kunne ya yi aikinsa. Kar. Dawo. Ya shiga daidai.

Kar ki dawo. Kar ki dawo.

Sanyi ya taɓa ƙeyarsa. Muryar yanzu a kunnensa take.

"Ɗan Ayandiran, ba ka gaji ba?"

Ya gaji, wallahi ya gaji. Hannunsa kamar an ɗaura masa turmi.

"Huta mana. Sau ɗaya kawai."

Bai huta ba. Gumi na shiga idonsa, hammatarsa ta sale, yana bugawa.

Fatar kalangun ta fashe.

Shiru.

Can ƙasa mai ƙosai na faɗa da wani a kan canji. Ƙofar akurkin ta buɗe da kanta. Kehinde na zaune a ƙasa ita kaɗai, hannunta har yanzu a miƙe. Ta daɗe tana kallonsa, kuma ba kallon godiya ba ne.

"Wa ya aike ka?" ta ce. "Ka san nauyin zama rabin mutum kuwa?"

A daren ya goge kiɗan, ya ƙone kaset ɗin. Waƙar ta fita tsurarta ba ko ganga, mutane suka yi ta yabon dabara. Tun daga ranar Dotun bai ƙara datse kiɗan kalangu ba, ko jaki ne ya yi kuka a ciki.

Bayan watanni suka haɗu a wani taron masu ewi, aka zaunar da su teburi ɗaya. Ta rame. Ana tafi, ana shewa, rana na faɗuwa, sai ya lura da yatsanta a gefen faranti. Bugu biyu take yi, ta tsaya, ta sake biyu.

Ya dunƙule hannu a kan tebur, ya riƙa sa na farkon kafin nata.

Ba ta daina ba, ba ta kuma ɗago ba.

"Sannu da ƙoƙari, ƙanena," ta ce a hankali. "Amma ba kowace magariba kake kusa ba."