Igiya a Ƙafar Dama

Ƙararrawar cocin Oberlahn ba ta gama bugun safe ba aka kira ofishin 'yan sanda: an tsinci gawar Valentin Gstrein a gindin gangaren arewa.

Insfekta Alois Pirchner ya hau dutsen da kansa. Valentin shi ne mai masana'antar allunan sulu a kan dusar ƙanƙara, kuma rabin ƙauyen da maɗaurin ƙafar da ke ɗauke da sunansa suke cin abinci. Ga shi kwance, ƙafafunsa biyu ɗaure a kan allo.

"Hatsari ne, yallaɓai," in ji Kofur Resi. "Ya kwaso gudu, dutse ya tare shi."

Alois ya durƙusa. Hular kwanon da ke kansa ko ƙwarzane babu, amma da ya cire ta sai ga ƙeya a fashe. Sannan idonsa ya sauka kan 'yar igiyar nan da mai sulu ke ɗaurawa a ƙafarsa ta gaba don kada allo ya tsere masa. A ƙafar dama take. Ya miƙe ya nufi gidan Valentin.

Matar mamacin, Hedwig, ta zuba masa kofi.

"Wace ƙafa Valentin ke sawa gaba?"

"Hagu mana, kamar kowa. Wannan wace irin tambaya ce, Alois?"

"Yana da rigima da wani?"

"Babu."

"Hedwig, na duba rajistar masu ƙirƙira, wadda kowa ke iya buɗewa. Sabon maɗaurin da aka yi wa rajista bana, sunan Valentin kaɗai ne a kai. Ina na Ruprecht?"

Ta ajiye butar. "Na ce masa kada ya yi haka. Ya ce Ruprecht ko wasiƙar banki ba ya buɗewa, ina zai gani?"

Ruprecht Falkner shi ne abokin aikin Valentin tun suna lanƙwasa katako a garejin uban wani. Kowa a Oberlahn ya san hannunsa ne ke ƙera komai, Valentin baki ne da kwat. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, don haka mutanen ƙauyen nan suke. Kuma Ruprecht ne kaɗai a tsaransu ke sa ƙafar dama gaba, shi ya sa ake kiransa Baibai. Shi ya koya wa Alois sulu suna yara. Alois ya tafi masana'antar yana addu'ar a ce ya yi kuskure.

Ya same shi yana goge allo da kakin zuma, warin barasa na tashi.

"Ka ga Valentin yau?"

"Rabona da shi tun jiya."

"Ba tare kuke hawa gwaji da safe ba?"

"Gwiwa ta hana ni. Tsufa, ɗan sanda. Kai ma ga tumbi ya fara."

Alois ya yi murmushin dole. Ya jawo wani allo ya taka. "Ina so in gane yadda sabon maɗaurin yake. Ɗaura min, Baibai, bayana ba ya sunkuyo."

"Har yanzu sai an ɗaura maka, kamar jariri!"

Ruprecht ya durƙusa. Hannunsa ya yi aikinsa ba tare da shawara da shi ba: ya ja, ya matse, ya ɗauko igiya ya zagaya ta a ƙafar dama.

"Da hagu nake gaba," Alois ya ce a hankali. "Valentin ma haka."

Ruprecht ya tsura wa igiyar ido. Ya daɗe a durƙushe.

"Ɗiyata ce ta nuna min rajistar a wayarta," ya ce daga ƙarshe. "Tana son ta yi alfahari da ubanta a makaranta, ta nemi sunana ta rasa. Da muka hau yau na tambaye shi. Ka san me ya ce? Wai suna na masu iya magana ne. Ya juya min baya yana dariya, sufana tana hannuna."

"Sai ka sa masa hula, ka ɗaura shi a allo."

"Na ɗaura shi da kyau, Alois. Ban taɓa yi wa kowa ɗaurin banza ba."

Alois ya kira Resi da ke jira a waje. Ankwa na hannunsa amma ya kasa, sai ita ta sa. Ma'aikata suka kashe injuna suna kallo.

A bakin ƙofa Ruprecht ya waiwayo. "Rajistar nan, ana iya gyara ta? Don yarinyar."

"Ban sani ba," in ji Alois. Ya sani sarai ba za a gyara ba.

Motar 'yan sanda ta gangara da shi. Alois yana nan tsaye a kan allon, sai ya sunkuya ya kwance igiyar da kansa.