Ruwan Kan Jarirai

Wata Talata ce da damina, hadari ya haɗo daga wajen Benin ya ƙi zuba, sai zufa da ƙudaje. Ran nan Likita Alfari ya wuce shingen sojoji ya nufi ƙauyen Tunuga wajen wani boka.

Ɗan Gaya ta Nijar ne, a Faransa ya koyi aikin kan yara. Bincikensa a kan jariran da ruwa ke taruwa musu a ƙwaƙwalwa ne, har kai ya zama kamar ƙwarya. Yakan sa siririn tiyo ya tsiyaye ruwan, yaro ya tashi. Amma ya raina albashin gwamnati, asibitin kansa yake so, da bene.

Boka Siddo na zaune a wata bukka a bakin kogi, gabansa baƙin tulu, gashin kaza ya manne da busasshen jini a wuyansa. Wurin na warin ruɓaɓɓen kifi. Alfari ya toshe hanci ya ce arziki yake nema, amma shi fa ba ya kisa.

"Wa ya ce ka kashe, likita? Ruwan nan da kake cirewa, ina kake kai shi?"

"Zubarwa muke yi."

"To, a tulun nan za ka riƙa zubarwa."

Alfari ya yi dariya ya yarda. Ko tambayar me ke shan ruwan bai yi ba.

Kafin kaka bene ya tashi. Daga Najeriya da Benin ake kawo masa yara, manyan sojoji na gaishe shi. Yaran kuwa sun rayu, sai dai ba mai kuka, ba mai gane uwarsa. Da sun fara tafiya sai su miƙe zuwa kogi. Iyaye suka koma ɗaure su da zane a turmi. Alfari kuma ya ci gaba da cika kwalabe yana juyewa a tulun boka, yana ce wa iyayen lokaci ne, za su warware. Tir.

Sai matarsa Bibata ta haihu, kan yaron ya fara kumbura. Ta roƙe shi ya kai shi Yamai, ya ce duk ƙasar ba hannun da ya fi nasa. Wannan karon ya rantse a ƙasa zai zubar. Da ya sa tiyon, ba ruwa ne ya fito ba, baƙar laka ce mai motsi.

Duk mai son arzikin dare ɗaya, ya dubi wannan gida. Yara goma sha ɗaya kogi ya ci. Ɗan Alfari ya mutu a hannunsa. Bibata na yawo a kasuwa da goyon tsumma. Shi kuwa hannuwansa biyu sun shanye, ko cokali ba sa riƙewa.